Jirgin da ba zai taɓa tashi ba

Sana'armu gina filayen jiragen sama ce, amma a cikin kwamfuta. Mu huɗu ne a kamfanin, ni da abokan aiki uku, muna ƙera filaye ga masu tuƙi a manhajojin kwaikwayon jirgi irin su Microsoft Flight Simulator da X-Plane. Mutane kan ɗauka gini da titin sauka su ne aikin. To amma komai kyan filin da ka gina, in mai saye ya sauka ya juyo wurin fakin ya tarar wayam, ba jirgi ko ɗaya, kufai ka sayar masa. Shi ya sa kaso mai tsoka na lokacinmu ke tafiya wajen jiragen da za su zauna wuri guda har abada.

Ba kasafai muke ƙera su daga tushe ba. Mukan ɗauko jirgin da wani ya ƙera domin tashi, mu mayar da shi na ajiya. Kafin a taɓa komai sai na rubuta wa mai shi neman izini, ko da kyauta ya sake shi a intanet, domin guminsa ne. Wanda ya ce a'a, mun haƙura.

Daga nan sai ragi. Jirgin da aka yi don tuƙi yana ɗauke da ɗakin matuƙi cike da maɓallai da agogo, ga kujeru, ga wayoyi a ramin taya, kuma duk siffar nan da ƙananan alwatika ake haɗa ta, waɗanda dole kwamfuta ta zana su a kowane hoto. Jirgi ɗaya ba matsala. Jera ashirin a gaban gini, sai hoto ya fara tsinkewa daidai lokacin da mutum ke ƙoƙarin sauka. Don haka muke buɗe shi a Blender, manhajar ƙera siffofi a kwamfuta, mu kwashe duk abin da ido ba zai kai ba, mu haɗe hotunan fenti su koma kaɗan, sannan mu yi masa siffofi uku ko huɗu: cikakkiya ta kusa, da masu sauƙi da manhaja za ta riƙa sauyawa in an yi nisa. Tsarin fayil ma kowa da nasa. FSX, wato Microsoft Flight Simulator X na 2006, da MDL yake aiki, X-Plane da OBJ, Microsoft Flight Simulator na 2020 kuwa da glTF, kuma manhajar ModelConverterX ke fid da mu wajen juya fayil daga wani tsari zuwa wani.

Inda nake ɗaukar lokaci da kaina shi ne wurin kwantar da jirgin. Duk abin da ke motsi a jikinsa sai an daskarar da shi a daidai matsayinsa. In ka yi sake, zai fito da tayoyi a naɗe yana kwance a kan cikinsa, ko ka ga farfela a tsaye alhali ga da'irar nan mai hazo ta farfela mai juyawa a kanta, su biyu lokaci guda. Sannan cibiyar da maƙerin ya auna jirgin daga gare ta yawanci a tsakiyar jiki take, saboda haka in ka ajiye shi yadda ya zo, rabinsa zai nutse cikin kwalta. Sai an ɗaga shi a hankali har roba ta taɓa ƙasa. Ko a nan ban yarda an gama ba. Ƙafafun jirgin da ke sama a miƙe suke, na wanda ke ƙasa kuwa nauyi ya danne su. In ba ka rage tsawonsu ba, Boeing 737 zai tsaya kamar mai ɗage. Irin su DC-3 masu ƙaramar taya a wutsiya kuma sai an karkata su, hanci sama, bindi ƙasa. Bayan haka a kashe fitilu, a sa waji a tayoyi, a rufe bakin inji. Waɗannan ƙananan abubuwa ne ke sa mai kallo ya yarda jirgin kwana ya yi a wurin.

Akwai kuskuren da ya taɓa ba ni kunya ƙwarai. Mun fitar da wani fili, kwana biyu sai ga hoto daga wani mai saye: jiragen da manhaja ke kawowa da kanta sun zo sun faka a cikin namu, fiffike cikin fiffike, wutsiya biyu a jiki ɗaya. Mun ajiye jirage amma mun bar wuraren fakin a buɗe a bayanan filin, ita kuwa manhaja a wurinta fili ne babu kowa. A daren muka cire waɗannan wurare, muka aika gyara tare da ban haƙuri. Tun daga ranar, kowane fili muna fitar da shi iri biyu, mai jiragen ajiya da marar su, kuma kafin ya fita nakan buɗe shi da dare da rana, in sauko da kyamara dab da ƙasa, in bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya ina duba inuwarsu.