Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ranar da Na Karanta wa Yara Labarin Sanyi

A makon jiya mun tsaya inda aka tura ni wata sakandaren kwana ta ƙauye, aka ɗora mini Turanci da Adabi. Na kama aiki a tsakiyar hunturu. Yara na shigowa aji fuska fururu, leɓe a tsage, hannu cikin hammata.

A akwatin littattafan da na gada daga malamin da na canza, na tsinci gajeren labarin nan na marubucin Amurka Jack London, "To Build a Fire", wanda ya fito a 1908. Shi London ya je neman zinariya Klondike, can arewacin Kanada, a 1897, saboda haka da fatarsa ya san sanyin da yake faɗa. A dare ɗaya na cinye labarin da fitilar ƙwai, barci ya ƙaurace mini.

Wani mutum ne, ko suna ba a ba shi ba, tafe da kare a yankin Yukon na arewacin Kanada, yana son riskar abokansa a sansani da ƙarfe shida. Wani dattijo ya riga ya ja masa kunne: in sanyi ya wuce 50 ƙasa da sifili, ba a tafiya kai kaɗai. Ranar ya kai 75 ƙasa da sifili a ma'aunin Farenhait, kusan 59 ke nan a wanda muka saba da shi.

Wurin ne ya kama ni. Gari garau, babu gajimare, kuma babu rana. Ko'ina fari fat, tsit. Mutumin ya tofa yawu, ya ji ya yi ƙara ya daskare tun bai kai ƙasa ba. London bai sa mugu ko ɗaya a labarin ba. Dajin bai tsani mutumin ba, bai ma san da zamansa ba, kuma wannan halin ko-in-kular shi ne saƙon gaba ɗaya. Kowane tarko daga jikin wurin ya fito. Akwai idon ruwa da ke ɓoye ƙarƙashin dusar ƙanƙara, nan ya burma ya jiƙe har tsakiyar ƙwauri. Ya hura wuta a gindin bishiya, yana fizgo ƙirare daga jikinta, sai rassan suka girgiza, dusar da ke kansu ta rikito ta binne wutar. Daga baya ashana 70 ya ƙyasta lokaci guda da hannuwan da suka mutu, yana jin ƙaurin namansa. Har yau in na zo wannan gurbin sai na ajiye littafin na numfasa.

Fargabata ita ce yaran ba su taɓa ganin dusar ƙanƙara ba. Washegari na karanta musu, ina tsayawa ina fassarawa. Aji ya yi tsit. Can sai wani yaro daga baya, wanda iyayensa mutanen Agadas ne, ya ɗaga hannu.

"Malam, ai haka kakana yake ba mu labarin hamadar Tenere. Ya ce mai bin ayarin gishiri zuwa Bilma, in ya raina madugu ya ware, ba wanda zai kashe shi. Rairayi zai bar shi kawai."

Na ajiye allin da ke hannuna, na ce ya maimaita yadda kowa zai ji. Daga nan gardama ta kaure a kan karen: me ya sa tun farko shi ya san ba ranar tafiya ba ce, kuma da ya sansano mutuwa ya juya ya nufi sansani inda ake da wuta da abinci? Aka kaɗa ƙararrawar kalaci, babu wanda ya motsa.

Da yamma yaron nan ya zo ƙofar ɗakina yana neman aron littafin. Abin da ya dawo mini da shi bayan kwana uku, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.