Malamar da ta nemi afuwa don ta sa Hausa a darasi

A zangon karatun da ya wuce na je duba wata ɗalibar kwalejin ilimi da aka tura gwajin koyarwa a wata firamaren gwamnati da ke cikin birnin Kano, kusa da Dutsen Dala. Aji huɗu aka ba ta, darasin kuwa lissafi ne a kan rabi da sulusi da rubu'i. Ta rubuta ƙa'idar a allo da Turanci, ta karanta, yara suka maimaita da ƙarfi har sau uku. Da ta jefa tambaya sai aji ya yi tsit. Can ta saci kallona, ta rage murya ta ce da su da Hausa: "Idan aka sayo ƙosai goma sha biyu, aka ce ku uku ku raba daidai, nawa kowa zai samu?" Kafin ta rufe baki wani yaro a layin baya ya ce huɗu.

Da aka tashi ta same ni a baranda ta ce, "Malam, a yi haƙuri, na san bai kamata in sa Hausa ba." Wannan neman afuwar ne ya tsaya mini a rai, domin abin da ta ɗauka laifi shi ne kaɗai ya ceci darasinta.

A 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsa, sannan a koma Turanci. Aji huɗu ne aka daɗe ana ɗauka a matsayin wurin sauyin. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a kai harshen uwa har ƙarshen firamare, a 2025 kuma aka sanar da janye hakan. Duk yadda aka juya, jarrabawar WAEC da NECO ta lissafi da kimiyya da Turanci ake rubuta ta, saboda haka malamin Kano ba shi da makawa sai ya koyar da waɗannan fannoni da harshen da yawancin ɗalibansa ba sa jinsa a gida, ba sa jinsa a kasuwa.

A ganina giɓin yana cikin horon da muke bai wa malamai. Ɗalibin NCE, wato mai neman takardar shaidar malanta a kwalejin ilimi, yana shekara uku yana koyon fanninsa a gefe guda, Turanci a wani gefen, dabarun koyarwa kuma daban, amma da wuya a zaunar da shi a nuna masa yadda ake haɗa su a gaban yara sittin ko fiye. Turancin lissafi ba shi ne Turancin hira ba. Kalmar "table" da yaro ya sani da ma'anar tebur, a littafin lissafi jadawali take nufi. Kalmar "difference" da ya sani da ma'anar bambanci, a can tana nufin abin da ya rage bayan an ɗebe. Malamin da ba a ankarar da shi wannan ba zai zaci yaro lissafi ne bai iya ba, alhali kalma ɗaya ce ta tare masa hanya.

Ya kamata tun a kwaleji a koya wa malami ya ware kalmomi huɗu ko biyar da darasin ya rataya a kansu kafin ya shiga aji, ya san lokacin da zai buɗe ma'ana da Hausa da lokacin da zai mayar da yara su faɗe ta, su kuma rubuta ta, da cikakkiyar jimlar Turanci. Ko gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, wanda ya koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida, bai tsaya kan zaɓen harshe ba: sai da aka rubuta littattafai, aka horar da malamai, aka kuma ware masu koyar da Turanci na musamman. Mu a Kano muna da Jami'ar Bayero da cibiyarta ta nazarin harsunan Najeriya, ga manyan makarantun horar da malamai a Kumbotso da Kabuga, waɗanda za su iya haɗa kai a kan wannan aiki.

Ban rage wa ɗalibar nan maki ba. Na ce ta sake shirya darasin, ta sa misalin ƙosan a cikin takardar shirinta baro-baro, ta kuma rubuta jimlar Turancin da take so kowane yaro ya iya faɗa kafin a kaɗa ƙararrawa.