Farin takin da ya sanyaya min hannu

Ina aji biyu a sashen nazarin ƙasar noma na fara ganin amoniyam naitiret. Malaminmu ya ɗebo cokali biyu na wani farin abu kamar gishiri, ya zuba a kofin gilashi mai ruwa, ya motsa, ya miƙo min. Kafin in ankara kofin ya yi sanyi ƙarara, sai ka rantse daga firji aka ciro shi. Ya ce zafin ruwan yake zuƙewa idan yana narkewa, shi ya sa ake zuba shi a ƙunshin nan da ake matsewa a ɗora wa ɗan ƙwallo in ya yi targaɗe. Abin da ya zauna min a kai ke nan, abu ne mai sanyi. Sauran bayanin kuwa hadda na yi don jarrabawa.

Haddar ma ta yi rana daga baya. Kusan kashi 34 cikin ɗari na nauyinsa naitirojin ne, rabi a siffar naitiret, rabi a siffar amoniyam. Naitiret shuka ke sha nan take, amoniyam kuma ya maƙale a ƙasa yana jiran lokacinsa. Yuriya ta fi shi ƙarfi, tana da kashi 46, amma in ka watsa ta a saman ƙasa cikin rana ba ka binne ba, wani kaso ya bi iska. Shi ma yana da nasa aibin: a jigawa, ruwan sama mai ƙarfi kan wanke naitiret ya gangara inda saiwa ba ta kaiwa. A nan wajenmu dai yuriya da kamfa aka fi sani. Wanda na yi aiki da shi ɗan uwansa ne da ake kira CAN, wanda aka cakuɗa da garin farin dutse, ƙarfinsa ya sauko wajen kashi 27, hatsarinsa ma ya ragu.

A wani siton taki na samu aiki bayan bautar ƙasa. Watan Agusta aka kawo lodi, katakon da ake shimfiɗawa ya ƙare, na ce wa 'yan dako su jera sauran buhunan a kan siminti. Na manta cewa abin nan mayen laima ne, daga iska ma yake janyo ruwa. Bayan sati uku buhunan ƙasa sun dunƙule sun zama dutse, manomi ya taɓa ya ce ba ya so. Wannan asara a wuyana ta rataya, kuma na cancanta.

Ta biyun ta fi ba ni kunya. Na shigo da jarkokin man janareta cikin siton don kada ruwa ya dake su. Dattijon da ke riƙe da makulli, wanda ko firamare bai yi ba, ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ya kai waje. Na ce, "Baba, ai ruwa za a yi."

Ya ce, "Ɗana, taki da mai ba sa kwana ɗaki ɗaya."

Na so in yi masa turancin kwali, sai na tuna ai shi ke da gaskiya, kuma a littafina ma haka yake. Amoniyam naitiret ba ya cin wuta da kansa, amma yana ciyar da wuta da iskar oksijin. Yana narkewa a wajen digiri 170. Idan gobara ta rutsa da tari mai yawa a rufaffen wuri, balle ya gurɓata da mai ko shara, yana iya tarwatsewa gaba ɗaya. Wannan halin ne ya sa masu haƙar ma'adinai da fasa dutse suka dogara da shi, shi ne kuma ya sa hukumomi ke sa ido kan cinikinsa.

Daren nan na koma kan takardun da na haddace ban fahimta ba. A Oppau ta Jamus, a 1921, takin ya dunƙule kamar nawa, ma'aikata suka saba fasa shi da nakiya, sun sha yi lafiya lau. Rana ɗaya ya tashi da mutum sama da 500. A 1947 jirgin ruwan Grandcamp, ɗauke da lodin takin, ya kama wuta a tashar Texas City ta Amurka, ya hallaka kusan mutum 600. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne sabo: mutanen Oppau ba jahilai ba ne, sun dai ga an yi jiya ba abin da ya faru.

Ranar 4 ga Agusta 2020 ina zaune a ƙofar gida aka turo min bidiyon fashewar da aka yi a Beirut, babban birnin Lebanon. Tan 2,750 na amoniyam naitiret aka jibge a wani sito na tashar jiragen ruwa kimanin shekara shida, takardun gargaɗi na yawo daga ofis zuwa ofis. Mutum fiye da 200 suka rasu. Da na ga jan hayaƙin nan ya turnuƙe sama na gane ko mene ne tun kafin a faɗa a rediyo, don irin kalarsa muka taɓa gani a kwalbar gwaji.

Washegari na riga Baba isa sito. Da ya iso ya tarar ina jan buhuna nesa da bango, ina leƙa wayar lantarkin da ta bi ta saman lodi. Ya tsaya yana kallona, sannan ya ajiye butarsa ya kama ɗaya gefen buhun.