Mita ta nuna bolt 12.6, na yarda da ita, jaka 95 suka tafi

Motar Hiace ce da aka mayar ɗaki, da gado da ƙaramin firigo da fanka, irin wadda mai ita ke kwana ciki idan ya fita daji kwana uku ko huɗu. Batir biyu ne na ɗakin, kowane 100Ah, a haɗe kan bolt 12, sai inbata mai wat 1500, na'urar da ke mayar da wutar batir kuran 220 irin na gida. An kawo mini ita garaji a nan Tawa bayan ta taso daga Yamai ta Dosso da Ƙonni. Inbata ta mutu murus. Ka danna makunni, ba fitila, ba ƙara, fankarta ma ba ta motsi.

Abubuwan farko ba su ci mini minti goma ba. Makunnin yanke batir a kunne yake. Na cire wayar ƙaramin makunnin da ke jikin bango kusa da gado, don wani lokaci ita ce ke tsinkewa ta hana inbata tashi, na gwada da makunnin jikinta, shiru. Ba maganar zafi ba ce, tun asuba motar na inuwa. Batir kuwa na auna kan kawunansu, 12.6, ƙoshi sarai.

Daga nan na ɗora mitar auna wuta a ƙusoshin bayan inbata, inda jar waya da baƙa ke shiga. Bolt 12.6 cif. Na juya mita zuwa wurin da take ƙara, na taɓa gefe biyu na babban fizibil ɗin da ke kusa da batir, wato abin da ke tsinkewa idan wuta ta yi yawa, ta yi ƙiii. Sai na yanke hukunci: wuta na isowa, fizibil lafiya, ashe ciwon na cikin inbata. Na ce wa mai motar, "Alhaji, wannan ta gama aiki, sai sabuwa." Bai yi gardama ba. Aka aiko da wata daga Yamai, jaka 95 har da kuɗin mota.

Abin da ke ci mini rai har yau shi ne kafin sabuwar ta iso na buɗe tsohuwar. Ƙananan fizibil guda huɗu na 40A da ke ciki duk garau. Ba warin ƙuna, ba baƙi a allo, ba kondansa (ɗan gwangwanin da ke tara wuta) ko ɗaya da ya kumbura. Inbatar da ta ƙone da wuya ta ɓoye, hanci ma yana gaya maka. Na ga haka, na mayar da murfi na ce wataƙila wani ɗan abu ne da ido ba ya gani. (Mai son buɗe tasa ya sani: ɓangaren da ke ɗaga wuta yana riƙe sama da bolt 300 a kondansa ko bayan an cire batir. A jira, a auna, kafin a sa yatsa.)

Sabuwa ta zo, na ɗaura baƙar waya, na kawo ja. Duk wanda ya taɓa haɗa inbata ya san tartsatsin nan, ɗan "tas" da ke tashi lokacin da kondansan ciki ke zuƙar wuta karon farko. Wannan karon babu. Yarona ne ma ya lura, ya ce, "Maigida, yau ba ta yi tartsatsi ba." Na ce ya miƙo mini kile 13. Na ɗaure, na danna makunni. Shiru, kamar ta farko.

Sai a lokacin na yi abin da ya kamata in yi tun ranar farko. Na bar mita a ƙusoshin inbata, na ce wa yaron ya danna makunni ina kallo. 12.6 ta faɗo ƙasa da 5, tana rawa. Ya kashe, ta riƙa hawa sannu a hankali har ta koma 12.6. Na koma kan batir, ya sake dannawa: 12.6, ko gezau. Ke nan bolt bakwai da wani abu suna ɓacewa tsakanin batir da inbata, a tazarar da ba ta kai mita ɗaya da rabi ba.

Dalilin da mita ta ruɗe ni ba wani sihiri ba ne. Mita mai lambobi kusan ba ta jan komai, abin da take sha bai kai ɗigon ruwa ba. Ko silin waya ɗaya ya rage a hanya, ko tsatsa ce kawai ta riƙe haɗin, za ta nuna maka cikakken bolt. Inbata kuwa ko ba a jona mata komai ba tana neman wajen amfiya ɗaya, idan ta ɗauki wat 1500 kuma tana jan kusan 140. Ƙarar nan ta mita ita ma haka: yawancinsu suna yin ƙara muddin juriyar hanya, wadda ake aunawa da om, ba ta wuce 30 zuwa 50 ba. Fizibil ɗin da na ce lafiyarsa lau, da na auna shi da lamba, om 8 ya ba ni. Lafiyayye kusan sifili yake nunawa. A kan bolt 12, om 8 ba zai bar ko amfiya biyu su wuce ba.

Hanya mafi sauƙi ta kama irin wannan ita ce ƙwan fitilar gaba, H4 mai wat 55, da ka liƙa masa wayoyi biyu. Yana jan amfiya huɗu da rabi, ya isa ya tona asiri. A kan batir ya haska har ya kashe mini ido. A ƙarshen wayoyin inbata, da ƙyar zaren cikinsa ya yi ja. Na bar shi a jone, na bi hanya da mita gaɓa gaɓa: tsinke ɗaya a kan dalmar batir, ɗaya a kan kos, wato ƙarfen bakin waya da ake ɗaurewa da noti, sifili. Daga kos zuwa bakin fizibil, sifili. Daga wannan baki na fizibil zuwa wancan, kusan duk bolt ɗin batir na nan zaune. Gaɓar da ke lafiya ba ta cin fiye da bolt 0.1, inda ka ga lamba ta yi tsalle, nan ciwon yake.

Da na ɗaga murfin robar gidan fizibil, gefe ɗaya ya yi ruwan ƙasa, ya ɗan narke. Notin ya saki, da yatsa na kwance shi. Wanda ya yi haɗin farko ya sa wosha ta ƙarfe tsakanin kos da harshen fizibil, wato duk wutar sai ta ratsa ta cikin wosha, ƙarfen da ba ya kai wuta kamar jan ƙarfe. Wurin ya riƙa zafi yana hucewa, girgizar hanya ta ƙarasa sassauta notin, har zaren fizibil ya tsage. Ta ɗan tagar da ke jikinsa ba ka ganin komai. Sai da na ɗaga shi ga rana na ɗan lanƙwasa, na ga tsagar, siririya kamar gashi, baki biyu na taɓa juna ta cikin baƙin ƙuna. Abin da ya ba mita 12.6 ke nan. Abin da na sa Alhaji ya biya wa jaka 95 ke nan.

Gyaran kansa rabin yini ne. Sabon gidan fizibil da fizibil samfurin ANL mai 200A, tazararsa da batir ba ta wuce santimita 20 ba. Jerin ɗaurin: harshen fizibil, kos a kansa kai tsaye ƙarfe da ƙarfe, sannan wosha shimfiɗaɗɗiya, wosha mai tsaga, noti. Kafin in taɓa komai na fara cire baƙar waya daga batir, ita ce kuma ta ƙarshe wurin mayarwa.

Wayar ma na canza ta. Mai 16 mm² aka sa, wadda ta yi wa amfiya 140 kaɗan, balle a zafin Afrilu da Mayu na Tawa, cikin akwatin da iska ba ta shiga. Na sa mai 50 mm², ja da baƙa tsawo ɗaya, baƙar kai tsaye zuwa batir. Ban yarda da mas ta jikin mota ba, wato ɗaura baƙar waya a ƙarfen mota, ga kaya mai jan wuta haka, fenti da tsatsa sun isa su maimaita mini wannan labari. Kos ɗin da aka daddaka da guduma na yar, na matse sababbi da abin matsewa, na ja kowane da ƙarfi in ga ko zai zame. A kasuwa kuma a kula da waya mai kama da jan ƙarfe alhali alminiyam ce aka shafa wa launi: ba ta da nauyi a hannu, ka kankare silinta da wuƙa za ka ga fari.

Na mayar da tsohuwar inbata wurinta. Da jar waya ta taɓa, tas. Fitila kore, fanka ta juya. Na jona mata dutsen guga da firigo, wajen wat 1100, na bar su minti goma sha biyar. Batir na nuna 12.0, bayan inbata 11.8, bambancin 0.2. Ba a so ya wuce rabin bolt, don yawancin inbata suna fara kuka wajen 11, su yanke a 10.5, kuma firigo idan zai tashi yana fizgar ninkin abin da yake ci. Na bi kowace gaɓa da bayan hannu, ba mai ɗumi.

Sabuwar ba ta komu ba, noti ya riga ya bar shaida a ƙusoshinta. Alhaji ya ce, "Malam, a bar ta, ajiya ce." Na ce a'a, ni na ce a saya. Na ba shi kuɗinsa a biya biyu. Tana nan bisa kanta a cikin kwalinta, ƙwan H4 ɗin kuma na rataye shi a ƙusa ɗaya da mita.