Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Aya ta Takwas

Makon jiya na tsaya a rasuwar Kaka. Wasu cikin dangi sun kira ni a waya, wai in tsallake maganar fadama tunda masu abin duk sun kwanta dama. Ba zan tsallake ba.

A 1973 ne, shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira da kwabo, kuma shekarar fari. Gero ya ƙone a jigawa tun bai fid da kai ba. Duk ƙasar Malumfashi mai fadama shi ne mai abinci. Tamu kuwa Kaka ya raba ta tun yana da rai, a gaban mai unguwa, aka dasa jerin gamba a kan iyaka. Ƙasar kabarinsa ba ta gama kwanciya ba Baffa ya tuge gambar, ya dasa rake har bakin rijiyarmu.

Baba ya ce gaban alƙali za shi. Sai ga dattawan ikkilisiya ran Lahadi da la'asar, har da Baffa, don shi ma dattijo ne, a hannunsa akwatin baiko, wato kuɗin da ake bayarwa a coci, yake kwana. Na kai musu ruwa zaure, na laɓe bayan zana. Fasto ya buɗe 1 Korintiyawa sura 6, inda Manzo Bulus yake tsawata wa masu bi na Korinti don suna kai junansu ƙara gaban waɗanda ba masu bi ba. Ya karanta a hankali har aya ta bakwai, mai cewa ai gara a cuce ku ku haƙura. Ya rufe Littafin. Baba ya daɗe yana kallon tabarma, sannan ya ce, "Na bari saboda Ubangiji." Aka yi addu'a, Baffa ya fi kowa ɗaga murya wajen amin.

Inna ba ta taɓa shiga aji ba, a Zumuntar Mata ta coci ta koyi karatu. Littafinta tsohon juyin 1932 ne, wanda su Likita Mila na Wusasa suka yi aikinsa, baƙin bango, a naɗe cikin ɗankwali a ƙasan kwalla. Daren nan ta jawo aci-balbal, tana bin layi da yatsa, baki na motsi. Can ta ɗago. "Malam, ai akwai aya ta takwas." Ta karanta masa: ku kanku kuna cuta, kuna zamba, ga 'yan'uwanku ma kuke yi. Baba ya ce wannan ba tasa ba ce, shi ta bakwai aka ba shi. Inna ta ce to mai ta takwas ɗin wa zai kai masa?

Har ta bar duniya maganarta ke nan. In an kawo ƙarar wata a Zumunta, kowa na cewa a yi haƙuri, sai ka ji ta daga baya: "A karanta ta takwas."

Ni dai ban taɓa cewa Baba ya yi kuskure ba, kada a juya mini magana. Abin da Littafi ya ce ya yi, kuma mun sha kunun kanzo a shekarar ba mu mutu ba. Da dattawan nake. Surar nan tasu ce kafin ta zama tamu, don a aya ta biyar Bulus tambaya yake, ashe babu ko mai hikima ɗaya a cikinku da zai sasanta 'yan'uwa? An hana mutum zuwa kotu, ai sai a yi masa shari'ar a gida. Su kuwa suka hana, suka kaɗe riga suka tafi. Da na yi aure a Kaduna, muna nazarin Matiyu sura 5, aka zo wurin da Yesu ya ce in ka kawo baiko ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka ajiye shi ka je ku shirya tukuna. Littafin ya kusa faɗuwa daga hannuna. Shekara nawa mutumin nan yana ƙirga baikon wasu!

Da ciwon ajali ya kama Baffa, Baba ne ya ɗauke shi a keke zuwa bakin titi, shi ya biya kuɗin magani da kuɗin audugarmu da ya kai Funtuwa. Inna ta dama masa koko kullum, ba ta fasa ba, ba ta kuma fasa ta takwas ba. Maganar fadama Baffa bai tayar ba har ya cika. 'Ya'yansa sun sayar da ita daga baya, yanzu bulo ake bugawa a wurin.

Mako mai zuwa sai yadda aka kai ni riƙo Zariya wurin Gwaggo.