Macijin Goa'uld da ƙofar Dutsen Cheyenne

Jama'a, sake kallon Stargate SG-1, shirin talabijin na almarar kimiyya, ya tuna min cewa ƙa'idojinsa ne suka riƙe shi shekara goma, daga 1997 zuwa 2007.

Ku dubi Goa'uld. Halitta ce mai kama da ɗan maciji, tana huda wuya ko ta bi ta baki, ta nannaɗe laka, ta ƙwace ƙwaƙwalwa. Mai jikin yana nan da ransa, yana gani, amma ko yatsa ba ya iya motsawa da nufinsa. Tiyata ma ba tabbas, haka aka rasa Kawalsky, wani sojan da macijin ya shiga, tun farkon shirin. Su kuwa Jaffa, mayaƙan Goa'uld, jaririn macijin suke ɗauke da shi a aljihun ciki. Shi ne garkuwar jikinsu, in an cire shi ba a ba su maganin tretonin ba, sai mutuwa.

Ita kuma Stargate, ƙofar zuwa wasu duniyoyi da soja ke tsare da ita a Dutsen Cheyenne, alama bakwai take so: shida na inda za a je, ɗaya ta inda aka taso. Ba ta wuce minti 38 a buɗe. Kafin soja ya taka, sai an tura motar MALP, mai tafiya ba direba, ta duba iska. Wanda ya dawo bai aiko lambar shaida ba, marfin ƙarfen da ke bakin ƙofar a rufe zai tarar, ko gawarsa ba za a gani ba.