Allon kankare ba ya son gaggawa

Filin aikina yana bayan gari a nan Garwa ta Kamaru, kan hanyar Pitowa. Ni da yara shida muke zuba ginshiƙai da allunan kankare na katanga. Ginshiƙin yana da kwari a gefe biyu, a kafa shi a ƙasa, a riƙa zura allo ta sama ɗaya kan ɗaya har tsayin ya kai. Da bulo na fara kamar kowa. Abin da ya juya ni zuwa wannan aiki shi ne yawan masu sayen fili da ba su shirya gini ba, amma suna tsoron a wayi gari maƙwabci ya ci musu iyaka.

Allonmu mita 2 ne a tsawo, santimita 50 a faɗi, kaurinsa santimita 4. Nauyinsa ya kusa kilo 100, sai ƙarti biyu. Huɗu suna ba ka katanga mai mita 2. Siminti daga Figil yake zuwa mana, yashi daga Binuwai, tsakuwa kuma sai ƙanana, don manya ba sa zama a abu mai wannan kauri. Kwaɓinmu buhun siminti ɗaya, baron yashi ɗaya, baron tsakuwa biyu. Wanda ya ƙara yashi don buhu ya yi masa auki, za ka gane shi: murza gefen allon da babban yatsa, sai ya riƙa zuba kamar gari.

Da asuba muke zubi. A watan Maris da Afrilu zafin Garwa yana wuce digiri 40, kwaɓin da aka zuba da azahar kafin la'asar fuskarsa ta yi zane-zane. Mukan shafe akwatin zubi da baƙin mai, mu shimfiɗa rodi mai lamba 6 a tsakiyar kaurin, ba a ƙasa ba, sannan a ɗora a teburin girgiza har kumfar iska ta daina fitowa. Rodin da ya leƙo waje, damina biyu ya yi tsatsa, ya kumbura, ya fasa kankaren daga ciki.

Sai ban ruwa, inda rigimata da masu saye take. Kankare ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, ruwa yake sha ya ƙulle. Kwana 7 safe da yamma muna jiƙa shi a ƙarƙashin tsofaffin buhuna, cikakken ƙarfinsa kuwa sai kwana 28. Wannan darasi da kuɗina na saye shi. Shekarar da na fara, wani Alhaji ya zo ana saura mako guda Babbar Sallah, yana son a kewaye masa inda ya tara raguna. Na ce, "Ranka ya daɗe, kayan nan kwanansu biyar kacal." Ya ce, "Malam, kankare ne fa, ba tuwo ba." Na ga kuɗi, na yi shiru. Kafin mota ta kai wurin, alluna tara sun karye a gargada, wasu kuma sun tsage a hannun yara wajen zurawa. Ni na biya, har da kunya. Tun daga ranar nake rubuta ranar zubi da gawayi a gefen kowane allo, mai saye ya karanta da idonsa.

In mutum ya zo, tambayata ta farko ita ce me zai kewaye. Fili, gona, garejin motoci, wurin ajiyar kaya, makaranta, duk wannan katanga ta dace da su. Ana kafa ta cikin 'yan kwanaki, allo ɗaya ya fashe a zare shi a sa wani, in ka tashi ma ka kwashe allunanka ka tafi. Amma wanda ya ce mini nan gaba zai jingina ɗaki ko shago a jikinta ya ɗora kwano, sai na ce ya je ya yi bulo da tushe. Santimita 4 ba ta ɗaukar rufi. Na sha rasa ciniki a kan wannan magana.

Tambaya ta biyu ƙasar wurin. Baƙar ƙasar nan da Fulani ke kira karal, wadda ake shuka muskuwari, dawar rani, a cikinta wajen Marwa, da rani takan dare har ƙafar yaro ta shige, da damina ta kumbura. Katangar bulo a kanta tsagewa take yi daga sama har ƙasa. Tamu tana ɗan motsi a cikin kwarin ginshiƙi, ba ta karyewa, amma fa sai an zurfafa rami. A ƙasa mai tauri santimita 60 ta isa, a karal nakan kai 80, a cika da kankare, a ja igiya a daidaita kowane ginshiƙi. Ɗaya ya karkace, allo ba zai shiga ba sai an sassaƙe shi.

Ruwa ma a bar masa hanya. Duk wanda ya ga ambaliyar 2012 a nan ya san abin da ruwa ke yi in an tare shi. A gangare nakan sa allo mai ƙofofi a ƙasa, ko a bar rata da raga don awaki.

Allon sama kuwa dole a liƙe shi da siminti a jikin ginshiƙi. Wata Hajiya ta hana, ta ce tana so ta ƙara tsayi bayan damina. Wata biyu ta kira ni: "Ɗana, zo ka gani." An zare alluna huɗu cikin dare, an jingine su a gefe tsaf ba ko kwarzane, an fita da injin ban ruwanta ta wurin. Allunan dai mun mayar da su da hantsi, na aiki yaro ya kwaɓo rabin buhu.